Mashkura, Ba Ke Kika Lalata Hotunan Shanu Ba

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran Mashkura Idirisu Jaji a wani asibiti a nan Dutse, bayan ciwon sikilar da take fama da shi tun tana ƙarama ya taso mata. An yi mata sutura bayan La'asar a Aujara, garin mahaifinta. Shi Ya ba mu ita, Shi Ya karɓi abinSa, kuma dukkanmu can muka nufa. Ba ni da ja a kan wannan.

Abin da na kasa haɗiyewa, Mashkura, shi ne maganar da na ji a zaman makokinki. Ina zaune a tsakar gida, wasu mata biyu a bayana suna magana ƙasa-ƙasa, sai ɗaya ta ce, "Ai ita ce 'yar kwamfutar nan da ta lalata hotunan shanun mutane. Allah dai Ya yafe mata." Ko ƙasar kabarinki ba ta bushe ba. Na waiwaya na dube su, amma na san maganar ta riga ta zaga Aujara da Taura da rugagen da ke tsakani. Ba ki bar ɗa ba, ba ki bar gini ba. Sunanki kaɗai kika bari, ni kuwa ba zan naɗe hannu ina kallo a binne shi da ƙarya ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Fiddausi, malamar dabbobi a ofishin ƙungiyarmu ta masu shanu da ke Yalwawa. Ɗaki biyu ne ofishin, na ciki na shugaba, na waje namu ne ni da ke. Kwamfuta kika karanta, kuma da kin so da kina can wani babban gari kina shan iska mai sanyi. Kika dawo gida, don kin ga yadda aka sace garken mahaifinki kina 'yar makaranta, aka ga wasu daga ciki a kasuwa, amma ya rasa shaidar da zai kafa. Ke kika kawo shawarar a ɗauki hoton kowace saniya: fuskarta, gefenta, tsagar kunnenta da lalas ɗin cinyarta. A ajiye na kowane mutum a foldarsa, da sunansa. In an yi sata aka ga dabba a kasuwa, sai a kai wa sarkin tike, mai kula da kasuwar dabbobi, hoto mai kwanan wata, magana ta ƙare.

Ba zan manta yadda kike aikin nan ba. Jikinki ba ya son wahala, likita ya hana ki rana, ya hana ki sanyi, amma sai ki ɗaura gyale a ƙugu ki shiga tsakiyar garke da sassafe, kina yi wa shanu magana da Fillanci har su tsaya miki. Ni da na karanci dabba sai da wata karsana ta kai ni ƙasa, kina gefe kina dariya har da hawaye, kina cewa takardar shaidata ce karsanar ba ta karanta ba. Shekarar da aka sace bijimin Malam Ɗan'inna, hotonki ne ya dawo masa da shi. Dattijon ya zo ofis da ƙwaryar nono, sai addu'a yake yi yana maimaitawa. Matan ruga kuwa sun mai da teburinki asibitin waya. Wadda saƙon muryar ɗanta da ke Kudu ya ɓace mata, wadda ta manta lambar buɗewa, duk wurinki suke zuwa. Ban taɓa ganin kin tsuke fuska ba, ko da kuwa ciwon yana cin ƙashinki a lokacin.

Duk hotunan nan suna cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur da muke kira Dada. A ɗakin shugaba take, don can ne kaɗai wutar sola ke tsayawa. Dada ta tsufa ƙwarai. Wata tsawa ta ƙone mata wurin da ake jona allo, ramukan filasha kuma sun daɗe da mutuwa. Ƙofa ɗaya ta rage mata, wata shuɗiyar waya da ta fito daga bayanta, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa ɗakinmu. Ta nan kike shiga cikinta da wata tsohuwar laftof sa'arta, kuma suna jituwa lafiya lau. Na taɓa tambayarki me zai hana a buɗe cikinta a ciro ma'ajiyar da hotunan ke ciki. Kika ce ma'ajiyar ta fara wani ƙas-ƙas da ba ki yarda da shi ba, taɓa ta shi ne abu na ƙarshe da za ki yi.

A farkon daminar bana tsohuwar laftof ɗin ta mutu, ƙungiya ta sayo sababbi. Aka jona su, suka ƙi ganin Dada sam. A nan na ga haƙurinki. Kin fara da waya, kika tabbatar 'yar koriyar fitilar nan tana kamawa. Kika duba ko dukansu suna rukuni ɗaya da suna ɗaya, kika gyara. Kika daidaita lambobin adireshinsu. Sai sunan Dada ya ƙi fitowa, amma in kin rubuta lambarta kai tsaye ta amsa, sannan ta ƙi buɗe folda. Na ce miki ni dai kaina ya ɗaure. Kika ce, "Fiddausi, Dada tsohon yare take yi. Su kuma waɗannan an haife su an ja musu kunne kada su saurari mai wannan yaren, don ɓarayi sun san hanyarsa." Kika shiga can cikin saitin sabuwar laftof kika kunna tsohuwar hanyar raba fayil da aka kashe mata tun daga kamfani. Ta sake ƙi, wai ba ta shiga a matsayin baƙuwa, sai da suna da kalmar sirri. Kika yi musu wannan ma. Ranar da foldojin suka bayyana a allo, sai da kika yi guɗa a ofis, ke da ko muryarki ba a cika ji ba.

Kin gaya wa kowa cewa wannan ƙofar ta wucin gadi ce. Nufinki ki kwashe hotunan duka zuwa sabuwa, ki rufe tsohuwar hanyar, a bar Dada ta huta. Hotunan suna da yawa, Dada kuma ba ta da sauri, don haka sai ki sa kwafi in za mu tashi, a bar shi ya kwana yana yi. Kin fara da mutanen Dutse, sai na Aujara, na Taura su ne a ƙarshe.

Daga nan abin ya fara. Mu zo da safe mu tarar kwafi ya yanke tun bai yi nisa ba, Dada ta ɓace daga allo. Sai ki jira shugaba ya zo, ki yi sallama, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce za ki duba wani abu. Ki fito, komai ya dawo. Gobe kuma haka. Ni na ɗauka tsufan Dada ne. Na lura dai kin daina bincike a laftof, kin daina buɗe saiti.

Shugaban nan Alhaji Tasi'u ne, ƙanin mahaifinki, wanda kike kira Baffa. Shi ya miƙe a taron ƙungiya, gaban ardo-ardo da dattawa, ya ce aikin kwamfutar nan ya fi ƙarfin yarinyar, kullum gyara kullum lalacewa, kuma yana tsoron ta riga ta ɓata hotunan mutane. Ya ce zai kulle ɗakin, kada wanda ya ƙara taɓa na'urar sai ya kawo injiniya daga Kano. Ina kusa da ke. Na zungure ki na ce ki yi magana. Kika sunkuyar da kai kina murza bakin gyalenki. Injiniyan kuwa har yau da nake rubutun nan ba mu ga ƙeyarsa ba.

Ana cikin haka aka sace shanun Inna Zulfa. Gwauruwa ce daga wajen Taura, marayu take riƙo, shanun nan su ne abincinsu da suturarsu. Aka ga biyu daga ciki a wata kasuwar dabbobi, a hannun wani dillali da ya rantse saya ya yi. Sarkin tike ya yi adalci, ya tsare su, ya ce a kawo hoto kafin kasuwa mai zuwa. Inna Zulfa ta zo Yalwawa da ƙafarta. Kika duba abin da aka kwafa, ba a kai ga mutanen Taura ba. Hotunanta suna cikin Dada, Dada tana bayan ƙofa, mabuɗi yana aljihun Alhaji. Kin je gidansa, kin kira shi a waya, kin aika masa dattijo. Amsa ɗaya ce, a jira injiniya, kada a ƙara ɓarna a kan ɓarna. Kasuwa ta ci, ba hoto. Aka sakar wa dillali shanu, aka loda su a mota zuwa Kudu.

Inna Zulfa ba ta zage ki ba, amma ta tsaya a bakin ofis ta ce, "'Yata, da kin san ba ki iya ba, da ba ki sa na dogara da ke ba." Na ga yadda maganar ta shige ki. Kika raka ta har titi, kika dawo kika kifa kai a tebur. A makon nan ciwon ya tashi. Ba na cewa wani ya kashe ki, kwana ne ya ƙare, kuma ina tsoron Allah. Amma ni na zauna da ke a asibiti, na san da abin da kika kwanta a zuciya.

Ana gobe za ki rasu, da rana, mahaifiyarki ta fita alwala, kika riƙo hannuna. Kika ce, "In an buɗe ɗakin Baffa, kada ki bari a goge komai. Wayar bayan Dada kawai za ki tura, har ki ji ta ce ƙas." Na ce, wa yake zare ta? Kika juya fuska bango. Can kika ce, "Ki gaya masa hotunan shanunsa na nan a kulle, ba mai gani. Kalmar buɗewa sunan karsanar da ya ba ni ranar sunana ce. Na so in faɗa masa, bai bari na kai ƙarshen magana ba." Kika ƙara da cewa in bar shi tsakaninmu. Ban amsa miki ba, Mashkura, kuma kin san ban amsa ba.

Bayan an share makoki kwamitin ƙungiya ya zauna a ofis. Na roƙi a buɗe ɗakin ciki in ɗauko jakar kayan aikinki in kai wa mahaifiyarki. Ba yadda Alhaji zai hana a gaban mutane, ya buɗe. Na leƙa bayan Dada. Wayar na nan a raminta, in ka kalla daga tsaye sai ka rantse a jone take, amma an ja ta baya kaɗan, daidai yadda ba za ta kama ba. Na tura, ta ce ƙas. Na fito na buɗe laftof a gaban dattawan nan. Foldoji suka jeru, ba wadda ta ɓace. Na buɗe ta Inna Zulfa. Ga shanunta biyun nan, ga tsagar kunne, ga lalas, ga ita kanta a gefen hoton tana riƙe da igiya tana murmushi.

Ban zargi kowa ba tukuna. Alhaji ne ya miƙe tsaye, har hularsa na shirin faɗuwa, ya ce, "Ke, rufe! Kada a buɗe nawa! Wa ya ce a mai da wayar nan?" Ba wanda ya ambaci waya kafin shi.

Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, kuma ba zan ɓoye abin da na yi ba: na kai hannu na danna foldarsa a gabansa. Na so kowa ya ga abin da aka sayar da shanun marayu don a ɓoye. Sai allo ya ce ba ni da izini. Na sake dannawa, ya sake hana ni. Tun kafin ya kulle ɗakin kin riga kin ware tasa, kin sa mata mabuɗin da ba mai shi sai shi. Na faɗa masa saƙonki a gaban kowa, har da maganar karsana. Ya koma ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu har aka tashi.

To, ga abin da ya sa nake rubutu. Kwamiti ya ce a rufe maganar. Wai Alhaji babba ne, wai abin cikin gida ne, wai wadda ta rasu ta riga ta rasu. Wato mutuncin mai rai a lallaɓa shi, na matacciya kuwa a bar shi a bakin mata a gidan makoki. Wallahi ban yarda ba. A gaban taro aka ɓata ki, ba a cikin ɗaki ba. Inna Zulfa har yanzu tana can Taura ta ɗauka sakacinki ne ya raba ta da shanunta. Yara mata da ke son karatun kwamfuta a rugagenmu an fara yi musu misali da ke, ana cewa ga abin da ya faru da aka ba mace amana. Wannan duk a bar shi, don kada fuskar mutum ɗaya ta yi ja?

Ni ma 'yar masu shanu ce, na san abin da Alhaji ya ji tsoro. A wurinmu ba a faɗin yawan garke. Ni da nake 'yarsa ban san adadin shanun mahaifina ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Ana gudun baki, ana gudun ido, ana gudun ɓarawo. Lokacin da hotuna ke cikin Dada ita kaɗai a ɗakinsa, hankalinsa a kwance yake. Da ya ga kowace laftof za ta iya buɗewa, har a ɗauke ta a fita da ita kasuwa, sai ya ga kamar an kwance masa zani a bainar jama'a. Ban raina wannan tsoron ba. Abin da na raina shi ne hanyar da ya bi. Da ya kira ki ya ce, 'yata, ba na son a ga nawa, da kafin ya gama shan shayinsa kin gama. Amma girman kai ya hana shi faɗa, kunya ta hana ki faɗa, sai ya zaɓi ya riƙa sunkuyawa bayan kwamfuta in mun tashi, sannan ya miƙe a taro ya ce ba ki iya ba. Dattijo da furfurarsa.

Ke ma ina da fushi da ke, ƙawata, ko da yake ba ki nan balle ki rama. Tun safiyar farko kin gane. Mai gyaran da ta bi adireshi da rukuni da tsohon yare ɗaya bayan ɗaya ba za ta kasa gane wayar da aka zare da hannu ba. Kullum ki durƙusa ki gaishe shi, ki mai da abin da ya cire, ki fito kamar ba komai. Kin zaɓi a ce ba ki iya aikinki ba, da a ce Baffanki ya yi abin kunya. Tarbiyyar da aka yi mana ke nan, kuma kin riƙe ta fiye da waɗanda suka koya mana. Ni ba Baffana ba ne, kuma kunyar da kika ji masa ta isa haka.

Na gama kwafin da kika fara. Na bi yadda kika nuna mini, na kwashe na mutanen Taura, na kashe tsohuwar hanyar a sababbin laftof, yadda kika ce a yi. Dada kuwa ban kashe ta ba. Folda ɗaya ta rage a cikinta wadda ba zan iya kwafa ba, kuma ma'ajiyar tana nan tana ƙas-ƙas ɗinta. Hoton shanun Inna Zulfa na wanke shi, jibi zan kai mata Taura da kaina. Ba zai dawo mata da saniya ba, amma za ta san cewa amanarta na nan inda kika ajiye.

Alhaji Tasi'u, da girmanka nake magana, kuma ban manta kai ma ɗiya ka rasa ba. Ba na neman a tsige ka, ba na neman a zage ka. Abin da ke tsakaninka da Inna Zulfa da marayunta, kai ka san yadda za ka yi da shi kafin ka tsaya gaban Allah. Abu ɗaya nake nema. A taro mai zuwa, a wurin da ka tsaya ka ce ta ɓata hotunan mutane, ka sake tsayawa ka ce ba ta ɓata ba. Bayan nan ka zo ofis, zan jona maka, in fita in ba ka wuri. Kai kaɗai ka rage a duniya da ya san sunan karsanar nan, don mahaifinta ya riga ta tafiya. Sai ka rubuta shi da hannunka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarta, Hajiya Madina, wadda ta yi jinyar 'yarta tun tana goye ba ta taɓa gajiya ba, da ƙannenta Zuhair da Na'ima, da dukkan dangi na Aujara da Dutse, da matan rugage da suka rasa mai saurarensu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa ku ga ladan wannan rashi.

Ya Allah, baiwarKa Mashkura ta zo gare Ka. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubanta. Ka yalwata mata kabari, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mata tambaya, Ka haɗa ta da mahaifinta a Aljannar Firdausi. Ka mayar wa Inna Zulfa da mafi alherin abin da ta rasa. Mu da muka rage Ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun masu ita suna da rai, Ka kyautata namu ƙarshen.

Allah Ya jiƙan ki, Mashkura. Allah Ya rufa miki asiri a can, yadda kika rufa wa wanda bai rufa miki ba.

Fiddausi Abdulrauf
Yalwawa, Dutse